Tambaya da Amsa: Maganar Allah da Addu'a a Fagen Yaƙin Ruhaniya

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ne ga batu guda, wato yadda mai bin Almasihu zai riƙi Littafi Mai Tsarki da addu'a wajen tsayayya da Shaiɗan da ayyukansa. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba Rabaran, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Watana huɗu da haihuwa, kuma jaririn yana yawan firgita da kuka cikin dare. Surukata, wadda dattijuwa ce a zumuntar mata, ta buɗe Littafi Mai Tsarki a Zabura 91 ta ajiye wajen kansa, ta ce kada a kuskura a rufe, domin shi ne zai kori miyagun iskoki. Maigidana ya ce wannan ba shi da bambanci da laya. Ni kuwa na rasa bayan wanda zan bi. (Wata uwa daga Kagoro)

AMSA: 'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya mana shi. Gardamar da ta shigo gidanku ta daɗe a cikin ikkilisiya ƙwarai. Yohanna Kirisostom, wanda ya yi wa'azi a Antakiya kafin ya zama bishof na Kustantiniya, ya kuma rasu a shekara ta 407, ya ambaci mata da ƙananan yara na zamaninsa masu rataya gutsuren Bishara a wuya domin tsari, ya ce musu abin da ya fi shi ne su rubuta umarnan Bisharar a cikin hankalinsu. Agustin, bishof na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya ɗan sassauta. Ya ce idan mai ciwon kai ya ɗora Bishara a kansa maimakon ya ruga wajen masu laya, to, ya yaba masa, amma nan take ya ƙara da cewa mazaunin Bishara na ainihi zuciya ne, inda ciwon zunubi yake. Na kawo waɗannan dattawa biyu ne domin ki ga cewa maigidanki yana da gaskiya a kan koyarwa, amma surukarki ba abar tsangwama ba ce. Tsoro ya zo mata, ta kuwa nufi Littafin Allah, ba ta nufi gidan boka ba.

Duk da haka, Littafin da kansa ya hana mu mai da shi laya. A 1 Sama'ila sura 4, Filistiyawa sun kashe wa Isra'ilawa mutum wajen 4,000, sai dattawa suka ce a ɗauko akwatin alkawari daga Shilo domin ya cece su. Ba su tambayi Ubangiji dalilin faɗuwarsu ba, ba su kuma tuba daga ɓarnar da Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, suke yi a wurin sujada ba. Akwatin ya iso, aka yi sowa har ƙasa ta amsa, sa'an nan aka karkashe musu mutum 30,000, aka kuma ƙwace akwatin. Haka kuma macijin tagulla da Musa ya ƙera bisa ga umarnin Allah, da mutane suka shiga ƙona masa turare, sai Sarki Hezekiya ya farfasa shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta nuna. Abu mai tsarki ba ya tilasta wa Allah yin komai, kuma da zarar an fara dogara ga abin maimakon Mai abin, an riga an kauce.

Akwai wani abu game da Zabura 91 ɗin kanta da ya kamata ki sani. Ita ce zaburar da Iblis ya karanto wa Yesu sa'ad da ya kai shi ƙololuwar Haikali ya ce ya diro ƙasa, wai ai a rubuce yake cewa Allah zai umarci mala'ikunsa su tallafe shi. Wannan yana Matiyu sura 4 da Luka sura 4. Idan har Shaiɗan zai iya ɗaukar ayoyin nan a bakinsa ba tare da sun ƙone shi ba, to, buɗaɗɗen shafi a kan gado ba zai firgita shi ba. Abin da ya kore shi a ranar nan shi ne Wanda ya san ma'anar ayar, ya ƙi yarda a murɗe ta, ya kuma amsa da wata aya daga Maimaitawar Shari'a 6:16, wadda ta hana a gwada Ubangiji.

Shawarata ita ce kada ki ɗauke Littafin a bayan idon surukarki, kada kuma maigidanki ya kira abin laya a gabanta, gama babu amfanin cin nasarar gardama a rasa zaman lafiyar gida. Ki roƙe ta cikin ladabi ta riƙa karanta zaburar da murya kowane dare, ku ukun kuna zaune, ta yi wa jikanta addu'a da kalmomin da ke ciki, sa'an nan a rufe Littafin a ajiye shi a mazauninsa. Ta haka ita ba ta rasa matsayinta ba, ku kuma kun ji Maganar da kunnuwanku. Ki kuma kai yaron asibiti a duba shi, domin ciwon ciki, ciwon kunne, zazzaɓi da rashin ƙoshi da nono duk suna sa jariri kukan dare.

TAMBAYA: Baba, ni saurayi ne mai shagon kayan waya, kuma shekara biyu ke nan kasuwa tana ja da baya. Wani abokina ya kai ni addu'ar dare, inda mai jagora ya ce an nuna masa cewa ƙanen mahaifina ne ya ɗaure mini arziki. Ya sa muka yi ta kiran wuta ta sauka a kan maƙiya har asuba, ya ce in ambaci sunan baffan nawa, ya kuma kafa hujja da Zabura 35 da 109. Na yi, amma tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Shin wannan shi ne yaƙin ruhaniya? (Wani matashi daga Sabon Gari, Zariya)

AMSA: Ɗana, rashin kwanciyar zuciyar nan alheri ne, kada ka danne shi. Nassin da kowa yake fara ambata idan ana maganar yaƙin ruhaniya shi ne Afisawa 6:10 zuwa 20, kuma aya ta 12 ta faɗa a fili cewa kokawarmu ba da nama da jini ba ce. Baffanka nama da jini ne. Duk addu'ar da ta ɗauki sunan ɗan Adam ta kafa shi a matsayin abokin gaban da za a hallaka, ta saɓa wa ayar da ta buɗe batun tun daga farko. Ka tuna kuma da halin da Bulus yake ciki sa'ad da ya rubuta wasiƙar. A ɗaure yake, har ya kira kansa jakada cikin sarƙa, kuma ya san mutanen da suka jawo masa ɗaurin, amma da ya nemi a yi masa addu'a a ayoyi na 19 da 20, abin da ya roƙa shi ne a ba shi magana da gaba gaɗi domin ya sanar da Bishara. Bai roƙi mutuwar kowa ba.

Batun kiran wuta ma ya taɓa tasowa a gaban Yesu kansa. A Luka sura 9, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsa, sai Yakubu da Yahaya suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye su. Suna da misalin da za su kafa hujja da shi, domin annabi Iliya ya yi haka a 2 Sarakuna sura 1. Yesu ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Shi ne kuma ya ce a ƙaunaci maƙiya, a yi wa masu tsanantawa addu'a, ya kuwa aikata hakan a kan gicciye, Istifanas ma ya bi sawunsa sa'ad da ake jifansa. Da majalisar Yahudawa ta yi wa Bitrus da Yahaya kashedi, ikkilisiya ta taru ta yi addu'ar da ke Ayyukan Manzanni sura 4. Ka karanta ta a hankali. Sun ambaci Hirudus da Bilatus da sunayensu, sun ce wa Allah ya dubi barazanar da ake yi musu, sa'an nan suka roƙi ƙarfin hali da warkarwa. Wurin da aka yi addu'ar ya girgiza, alhali ba a nemi ran kowa a cikinta ba.

Zaburan da aka karanto maka kuwa, ba zan ce maka ba su da zafi ba. Suna da zafi ƙwarai, kuma Allah ya bar su a cikin Littafinsa domin wanda aka zalunta ya sami bakin kai ƙara. Amma ka lura da abubuwa biyu. Mai zaburar yana kai ƙara ne gaban Alƙali, ya bar hukunci a hannunsa, kuma Dawuda da ake danganta su gare shi ya sami Saul a hannu sau biyu, a kogon En-gedi da kuma cikin sansani da dare, bai taɓa shi ba. Na biyu, a cikin Zabura 35 ɗin nan, ayoyi na 13 da 14, mai zaburar ya ce sa'ad da maƙiyan nasa suka yi ciwo ya sa tsummoki, ya yi azumi dominsu, ya yi makoki kamar wanda uwarsa ta rasu. Ban cika jin masu jagorar irin wannan addu'a suna kaiwa ga waɗannan ayoyi biyu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zargin da aka ɗora wa baffanka ba tare da shaida ba. Shari'ar Musa ta ce ba a tabbatar da laifi sai da shaidu biyu ko uku, Sabon Alkawari kuma ya ce a gwada ruhohi, a auna abin da masu annabci suka faɗa. Wahayin Yahaya 12:10 ya kira Shaiɗan mai ƙarar 'yan'uwa, saboda haka mutumin da yake raba zumunci da zargin da ba a iya bincikawa ya kamata ya tambayi kansa aikin wa yake yi. Mun ga inda irin wannan zargi ya kai a ƙasar nan. An kori tsofaffi mata daga gidajensu da sunan maita, an azabtar da yara ƙanana, har jihar Akwa Ibom ta kai ga kafa doka a 2008 wadda ta haramta jingina wa yaro maita. Da yawa daga cikin waɗannan bala'o'i a wurin addu'a suka faro.

Ka tuba a gaban Allah a kan abin da bakinka ya furta, ka fara yi wa baffanka addu'ar albarka da sunansa, ka kuma je ka gaishe shi. Idan akwai wata tsohuwar rigima ta gado ko ta gona a tsakaninku, a zauna da manya a warware ta da rana tsaka. Sa'an nan ka zauna da littafin cinikinka ka duba bashin da ka bayar, da kuɗin hayar shago, da yadda faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta tsauwala farashin duk kayan da ake shigowa da su daga waje. Maƙwabtanka a kasuwa da ba su da baffa ko ɗaya, su ma suna kuka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai bishara ne a wani ƙauye inda har yanzu akwai dutsen da ake yi wa yanka. Wasu baƙi sun zo sun ce aikin ba zai ci gaba ba sai an binciko sunan aljanin da ke mulkin yankin, an zagaya garin, an ɗaure shi da addu'a. Sun ambaci Daniyel sura 10. Ya dace in bi su? (Wani mai bishara daga ƙasar Ningi)

AMSA: Abokin aiki, Allah ya ƙarfafa hannunka. Wannan koyarwa ta yaɗu ne sosai daga Amurka a shekarun 1990, kuma sunan da aka fi dangantawa da ita shi ne Peter Wagner, wanda ya koyar a makarantar tauhidi ta Fuller a jihar Kalifoniya. Masu riƙe da ita mutane ne masu kishin Bishara, kuma sun yi daidai da suka ce akwai ikoki na duhu a bayan bautar gumaka, domin Bulus ma ya faɗi haka a 1 Korantiyawa 10:20. Inda nake rabuwa da su shi ne a kan hanyar.

Daniyel sura 10 ta nuna cewa akwai wani ruhu da aka kira sarkin Farisa, wanda ya tare manzon Allah kwana 21 har mala'ika Mika'ilu ya kawo taimako. Amma me Daniyel ya yi a cikin makonni ukun nan? Ya yi makoki, ya ƙaurace wa nama da abinci mai daɗi, ya ƙasƙantar da kansa a gaban Allahnsa. Bai san ana wata kokawa ba sai da aka gaya masa daga baya, kuma ko bayan an gaya masa, ba a umarce shi ya nemi sarkin Farisa ya ɗaure ba. Wasiƙar Yahuza aya ta 9 ta ƙara da cewa Mika'ilu kansa, da yake jayayya da Iblis a kan gawar Musa, bai yi ƙarfin halin zaginsa ba, sai ya ce Ubangiji ya tsawata masa.

Afisa ita ce misalin da ya fi kusa da ƙauyenka. Gari ne na haikalin allahiya Artimas, wanda ake lissafawa cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, kuma ya yi suna da sihiri har ana rubuta wasu kalmomin asiri da ake dangantawa da garin ana ɗaurawa a jiki. Bulus ya zauna can fiye da shekara biyu, kuma Ayyukan Manzanni sura 19 ba ta ce ya zagaya haikalin ko ya ɗaure Artimas ba. Ta ce yana koyarwa kowace rana a makarantar Tiranas har dukan mazaunan lardin Asiya suka ji Maganar Ubangiji. Waɗanda suka ɗauki sunan Yesu kamar kalmar asiri su ne 'ya'yan Siba su bakwai, aljanin kuwa ya ce musu ya san Yesu, ya san Bulus, amma su su wane ne, ya fatattake su tsirara da raunuka. Bayan haka masu bi suka fito suna bayyana ayyukansu na ɓoye, suka ƙone littattafan sihiri da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Idan kowace azurfa ladan yini guda ce, kamar yadda masana da yawa suke ɗauka, ka ga dukiyar da aka sa wa wuta ba ƙarama ba ce. Abin lura shi ne masu bi ne suka ƙone nasu da hannunsu, ba wanda ya shiga gidan wani ya ƙwace.

Ba ina cewa ba a taɓa yi wa aljani magana kai tsaye ba. Bulus ya umarci ruhun duba ya fita daga wata kuyanga a Filibi, da gajeriyar magana, cikin sunan Yesu Almasihu. Wannan domin 'yantar da mutum ne da yake gabansa. A watan Agusta na shekarar 2000, shugabannin ikkilisiya daga nahiyoyi dabam-dabam sun yi taro a Nairobi a ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne, mai haɗa kan masu aikin bishara a duniya, a kan wannan batu, kuma cikin gargaɗin da suka fitar akwai cewa duk wanda ya ɗauka wata dabara ta musamman tana tabbatar da nasara, ya mai da aikin Allah sihiri. Ka marabci baƙinka, ku yi addu'a tare domin mutanen garin gida gida, amma kada ku taɓa dutsen mutane, kada kuma ku yi zagayen da zai sa maƙwabta su ɗauka tsokana ce. Ka ci gaba da koyarwa, da ziyarar marasa lafiya, da ajin karatu na manya.

TAMBAYA: Malam, 'yata mai shekara 11 tana faɗuwa tana kumfar baki. Likita ya ce farfaɗiya ce ya ba da magani, kuma ta sami sauƙi. Yanzu wani mai addu'a ya ce irin wannan ba ya fita sai da addu'a da azumi, kuma shan magani rashin bangaskiya ne. Ya ce a dakatar da maganin, yarinyar ta yi azumin kwana uku. (Wani dattijo daga yankin Maraɗi, Nijar)

AMSA: Baba, ina roƙonku da girman Allah kada ku dakatar da maganin nan ko na yini guda, kada kuma ku sa yarinyar azumi. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ba ta tsayawa, kuma ana rasa rai ta haka. Yunwa da rashin barci ma suna tayar da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 50 ne suke da wannan ciwo a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya zama ba faɗuwa idan suna samun maganin da ya dace. Sauƙin da kuka gani amsar addu'arku ce, ku gode wa Allah a kansa.

Ayar da aka kawo muku daga labarin yaron nan ne na Markus sura 9, kuma almajirai Yesu yake yi wa magana, su da suka kasa, ba yaron ko mahaifinsa ba. Idan akwai mai azumi, to, mai addu'ar ne. Matiyu 4:24 kuma, da take lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, ta ambaci masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam, wanda ya nuna cewa ba kowace faɗuwa ce aikin aljani ba. Annabi Ishaya, bayan ya kawo wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, shi ne kuma ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Ku kira dattawan ikkilisiya su yi mata addu'a bisa ga Yakubu sura 5, ku kuma ci gaba da kai ta asibiti a kan lokaci. Idan ta faɗi, a kwantar da ita ta gefe, a kawar da wuta da ruwa da abubuwa masu kaifi, kada a cusa mata cokali ko wani abu a baki, kuma idan abin ya wuce minti biyar a garzaya asibiti. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwon, saboda haka kada a ware mata kwano, kada kuma a cire ta daga makaranta.

TAMBAYA: Baba Rabaran, ana ce mana Maganar Allah takobi ce, amma ni ban san yadda ake sara da ita ba. Ni dai abin da yake kayar da ni kullum shi ne fushi da kuma kallon abin da bai kamata ba a waya. Ina addu'a, ina kuka, bayan kwana biyu in koma. (Wani ɗalibi daga Gindiri)

AMSA: Ɗana, tambayarka ita ce ta fi kusa da abin da Sabon Alkawari yake nufi da wannan yaƙi. Idan ka karanta wasiƙar Afisawa daga sura 4, za ka ga cewa wurin da aka fara ambatar Iblis da suna shi ne inda aka ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi, kada ku ba Iblis ƙofa. Daga nan aka bi ta kan sata, da ruɓaɓɓiyar magana, da fasikanci, da zaman miji da mata, da iyaye da 'ya'ya, kafin a iso ga makamai. Makaman kansu kuma, wato gaskiya, adalci, shirin kai bisharar salama, bangaskiya da ceto, duk abubuwa ne da mutum yake rayuwa a cikinsu, kuma umarnin da aka yi ta maimaitawa a wurin shi ne a tsaya daram. Ba a ce a je farautar Shaiɗan ba, domin Kolosiyawa 2:15 ta riga ta ce an tuɓe wa ikoki makamansu a gicciye.

Yadda ake sara da takobin kuwa, Yesu ya nuna a jeji. An jarabce shi sau uku, ya amsa sau uku, kuma dukan amsoshin daga Maimaitawar Shari'a sura 6 da sura 8 suka fito, wato surorin da suke tuna wa Isra'ila yadda ta faɗi a nata jejin a kan abinci, da gwada Allah, da bautar wani abin da ba shi ba. Bai jefa kowace aya da ta zo bakinsa ba. Kowace amsa ta dace da ƙaryar da aka kawo masa, kuma da ka ya kawo ta, domin babu naɗaɗɗen littafi a hannunsa a cikin jeji. Masu zaman kaɗaici a hamadar Masar sun ɗauki wannan darasi da muhimmanci. Ɗaya daga cikinsu, Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya tattara ayoyi kusan 500 ya kasa su bisa ga miyagun tunani iri takwas, da suka haɗa da haɗama, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi da girman kai, domin mai ibada ya sami abin mayar wa kowane tunani tun yana bakin ƙofa, kafin ya shigo ya zauna.

Kai ma ka yi naka, daidai ƙarfinka. Domin fushi ka haddace Yakubu 1:19 da 20 da Karin Magana 15:1. Domin abin da ido yake kallo ka haddace Zabura 119:37, da 1 Korantiyawa 6:19 da 20, da kuma 1 Korantiyawa 10:13, wadda ta yi alkawarin mafita a cikin kowane gwaji. Ka karanta surar da kowace aya ta fito daga ciki domin ka san abin da take nufi, ka haddace ta da harshen da kake tunani da shi (an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, saboda haka babu dalilin da zai sa ka yi ta fama da Turancin da bai taɓa zuciyarka ba), sa'an nan ka mai da ita addu'a. Bulus bai lissafa addu'a a matsayin makami na bakwai ba, ya ce ne a riƙa yin ta kowane lokaci cikin Ruhu, ana tsaro, ana roƙo domin dukan tsarkaka. A Getsamani ma abin da Yesu ya ce wa almajiransa shi ne su yi tsaro su yi addu'a kada su faɗa cikin gwaji, wato addu'ar kafin gwaji ya zo. Taka addu'ar, bisa ga wasiƙarka, kullum bayan faɗuwa take zuwa. Ka matsar da ita zuwa safiya, da kuma daidai sa'ar da ka san ka fi rauni.

Akwai kuma jarabar da ba a tsayawa gardama da ita. Yakubu 4:7 ta ce a miƙa kai ga Allah, a yi tsayayya da Iblis, shi kuwa zai gudu, amma game da fasikanci da sha'awar ƙuruciya, umarnin shi ne kai ka gudu, kamar yadda Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar. A wurinka, gudun yana nufin kada wayar ta kwana a gadonka. Ka ba abokin ɗakinka ita da ƙarfe goma na dare, ka karɓa da safe. Ka kuma nemi wani dattijo mai riƙe sirri a majami'arku, ka gaya masa gaskiyar abin da kake fama da shi, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako yana tambayarka kana ba shi amsa, bisa ga Yakubu 5:16. Idan ka sake faɗuwa, kada ka ƙaurace wa sujada domin kunya. Ka je masa a ranar, ku karanta 1 Yahaya 1:9 tare, ka kuma rubuto mana bayan wata uku mu ji inda aka kwana.